Kwafi Goma Kacal A Duniya: Wa Ke Sayen Fuskar Matan Iran?

Yau za mu ɗan jingine labari gefe guda mu taɓa wata magana, domin akwai wata kasuwa a duniya wadda tsarinta ya yi hannun riga da namu na marubuta, kuma ina ganin ya kamata duk mai riƙe alƙalami ya san da zamanta. Mu a nan idan mutum ya rubuta littafi, addu'arsa ita ce a buga dubbai su ƙare, a sake bugawa su sake ƙarewa, littafin ya shiga kowane gida har ya yage don yawan aro. Su kuwa can, mai ɗaukar hoto zai ɗauki hoto guda, ya wanke kwafi goma ko biyar, ya sa wa kowanne lamba da hannunsa, sannan ya yi alkawarin ba zai ƙara wanke ko ɗaya ba har abada. Idan ka ga an rubuta 3/10 a ƙasan hoto ko a bayansa, ma'anarsa wannan shi ne na uku cikin goma da ke duniya baki ɗaya. Akwai attajirai da gidajen adana kayan fasaha da sana'arsu ke nan, bin waɗannan kwafi suna saye suna tarawa, kuma cikin hotunan da suka yi kasuwa a wurinsu tun daga shekarun 1990 har da na matan Iran masu yin aiki a kan matsayin mace da namiji a ƙasarsu.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, sayen irin waɗannan hotuna ba laifi ba ne, hasali ma shi ke ciyar da masu yin su. Amma duk wanda ya sayi fuskar mace mai ɗauke da rubutu, bai damu ya san abin da rubutun ya ce ba, ya kai ta ɗakin ajiya ya kulle yana jiran farashi ya tashi, to ya ci amanar hoton, ko da kuwa ya biya kuɗinsa cif.

Bari mu fara da wadda sunanta ya fi fita, wato Shirin Neshat. An haife ta a garin Kazwin a 1957, aka tura ta Amurka karatu tana 'yar shekara 17, ta yi karatun fasaha a jami'ar Berkeley da ke Kalifoniya. Tana can aka yi juyin juya halin 1979, tana can aka yi yaƙin Iran da Iraƙi daga 1980 zuwa 1988. Sai a 1990 ta sake taka ƙasarta, shekara guda bayan rasuwar Imam Khomeini, ta tarar ƙasar da ta bari ba ita ce ta samu ba. Daga wannan ziyara ne ta fito da jerin hotunan da ta yi tsakanin 1993 da 1997 mai suna Women of Allah. Da Hausa sai mu ce mata bayin Allah, don kada fassarar kai tsaye ta kai mu inda ba a nufa ba. Hotuna ne baƙi da fari, yawancinsu ita ce da kanta a gaban kamara sanye da cador, baƙin mayafin nan na matan Iran, wasu masu ɗaukar hoto suka latsa mata, ita kuma ta bi fuska da tafin hannu da tafin ƙafa da farin ido a jikin hoton ta yi rubutu da tawada. Wanda ya fi shahara, na 1994, mace ce ta zuba wa mai kallo ido, bakin bindiga a tsaye ya raba fuskarta gida biyu, rubutu ya lulluɓe fuskar.

To a nan ne maganar take. Bature mai saye a Landan ko New York idan ya ga wannan hoto, abu uku yake gani: mayafi, bindiga, da baƙaƙen Larabci. Ya riga ya zo da labarinsa a ka, sai ya ce ga matar Musulmi da aka danne, ko ga matar Musulmi mai haɗari. Mu kuma idan Bahaushe ya gani, zai gane baƙaƙen amma ba zai gane harshen ba, kuma abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne an rubuta ayoyi a tafin ƙafar mace, ransa ya ɓaci. Dukkansu biyun sun yi kuskure. Rubutun nan Farisanci ne, wanda ake rubutawa da baƙaƙen Larabci kamar yadda muke rubuta Hausa da ajami, kuma waƙoƙi ne na mata marubutan Iran. Wasu na Forough Farrokhzad ne, wadda ta rasu a hatsarin mota a 1967, ta kuma shahara da faɗin abin da ke zuciyar mace game da so da sha'awa da kaɗaici ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Wasu kuma na Tahereh Saffarzadeh ne, mace mai riƙo da addini wadda ta goyi bayan juyin juya hali, har ta fassara Alƙur'ani mai girma zuwa Farisanci da Ingilishi. Hoton bindigar nan waƙarta ce a kansa, kuma maganar shahada take yi.

Ka ga ke nan mata biyu ne da ba su sha ruwa a rijiya ɗaya ba, Neshat ta haɗa su a jikin mace guda. Wanda bai san wannan ba, bai ga hoton ba tukuna, bangon littafi kawai ya gani. Mu da muke rubuta littattafai mun fi kowa sanin ciwon a yanke maka hukunci daga bango.

Kuma mayafin ma da ake ta magana a kansa yana da tarihi mai fuska biyu a Iran. A 1936 sarki Reza Shah ya haramta shi, 'yan sanda suka riƙa fizge shi daga kan mata a titi, har mata da yawa suka gwammace su zauna a gida da su fita kai a buɗe. A 1983 kuma doka ta wajabta shi, da hukuncin bulala har 74 ga wadda ta fita ba tare da shi ba. A Satumban 2022 wata budurwa Mahsa Amini ta rasu a hannun hukuma bayan an kama ta a kan batun ɗaurin kallabi, ƙasar ta ɗauki wuta da zanga-zanga na tsawon watanni. Wato cikin ƙasa da shekara ɗari, hukuma ta ce a cire da ƙarfi, hukuma ta ce a saka da ƙarfi, duk a kan mace ɗaya. Wannan shi ne ainihin abin da masu fasahar nan ke tambaya: jikin nan na wa ne, kuma wa ke da ikon faɗin abin da mace take? Neshat ba ta tsaya kan mace kaɗai ba. A bidiyonta Turbulent na 1998 ta kafa allo biyu suna fuskantar juna, a ɗaya namiji na rera waƙa gaban maza suna tafa masa, a ɗayan mace na rera tata ba kalma ko ɗaya gaban kujeru wayam, domin tun bayan 1979 an hana mace rera waƙa ita kaɗai gaban maza a bainar jama'a. Wannan aiki ya samo mata babbar kyauta a bikin fasaha na birnin Venice a 1999.

Yanzu mu leƙa kasuwa. A watan Mayun 2006 kamfanin gwanjo na Christie's ya yi gwanjonsa na farko a Dubai, daga nan kayan masu fasahar Iran suka fara tsada kamar me. A Maris ɗin 2008 aka sayar da wani aiki na Farhad Moshiri sama da dala miliyan 1 a gwanjon Bonhams a Dubai, wata guda bayan nan wani sassaƙen tagulla na Parviz Tanavoli ya kai dala miliyan 2.8 a Christie's. Kafin shekarar ta ƙare tattalin arzikin duniya ya karye, farashi ya yi ƙasa, waɗanda suka shiga don riba kawai suka ji a jikinsu. Hotunan mata ba su kai waɗancan miliyoyi ba, amma su ma sun shiga dubban daloli, wasu dubu gommai. Kuma ruwa ba ya tsami banza. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 idon Turawa ya koma kan matar Musulmi, duk hoton da ke da mayafi da rubutu sai ya yi saurin samun mai saye. Har wasu masu sharhi suka laƙaba wa irin wannan aiki suna fasahar cador, suna zargin cewa ana dafa wa baƙo irin tuwon da yake so ne. Neshat ma ba ta tsira daga wannan zargi ba, musamman da yake a New York take zaune kuma rabonta da Iran tun 1996.

Ni dai ban yarda a ɗora mata laifin duka ba. Ta yi hotunan nan ne shekaru kafin 2001, lokacin da babu wanda ya san za su yi kuɗi. Amma zargin yana da ƙamshin gaskiya ta ɓangaren mai saye, domin kasuwa tana koya wa mai sana'a abin da zai yi. Mu ma mun sani. Idan littafin kishiya ya yi kasuwa, kafin wata uku sai ka ga kowa ya koma rubuta kishiya, ba don ita ce kaɗai damuwar mata ba, sai don ita ɗan kasuwa ke karɓa. Haka yarinyar da ta gama makarantar fasaha a Tehran, idan ta ga mayafi da bindiga ake saye a Dubai, to sai mai ƙarfin zuciya ce za ta ɗauki hoton wani abu dabam.

Akwai masu ƙarfin zuciyar kuwa. Shadi Ghadirian, wadda aka haifa a Tehran a 1974 kuma a can ta yi aikinta, ta fito da jerin Qajar a 1998. Ta sa wa mata tufafin zamanin sarakunan Kajar da mulkinsu ya ƙare a 1925, ta tsayar da su gaban labulen ɗakin hoto irin na da, sannan ta miƙa wa wannan rediyo mai kaset, waccan gwangwanin Pepsi, wata keke, wata na'urar share daki. Kana gani za ka yi dariya, kana gama dariya ka yi shiru. Bayan ta yi aure, kayan girki da na shara da aka yi ta kawo mata gudummawa suka ba ta wani tunanin, ta yi jerin Like Every Day a 2000 zuwa 2001: mace lulluɓe da zane mai furanni, amma inda fuska za ta kasance sai ka ga dutsen guga, ko tsintsiya, ko butar shayi, ko safar wanke-wanke. Babu bindiga, babu siyasa a fili, amma duk matar da ta taɓa jin an manta da sunanta an koma kiranta da aikinta za ta gane kanta a ciki, ko a Tehran take ko a wani wuri.

Sai Newsha Tavakolian, haifaffiyar Tehran a 1981, wadda ta ɗauki hotunan mata mawaƙa da aka hana su rerawa, ido rufe baki buɗe. Labarinta ne ya fi fito da abin da nake faɗi. A 2014 ta ci kyautar gidauniyar Carmignac ta Faransa mai kuɗi yuro 50,000 don ta yi aiki a kan matasan Iran. Da ta gama, sai mai gidauniyar ya so ya sa hannu a zaɓen hotuna, ya kuma so a sa wa aikin suna mai nuna cewa matasan nan ɓatattu ne. Ta ce ba haka ta gan su ba, ta mayar da kuɗin a bainar jama'a. Sai da gidauniyar ta sauya ƙa'idojinta ta bar wa mai aiki ikon aikinta sannan ta karɓa. Jama'a, yuro dubu hamsin fa. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, marubuta nawa ne cikinmu za su mayar da rabin wannan don an canja musu sunan littafi?

To me ya sa duk da haka na ce tsarin ƙayyade kwafi ba laifi ba ne? Wani zai ce ai wannan ƙarancin na ƙarya ne, tunda injin da ya wanke goma zai iya wanke dubu goma, kuma hoton yana intanet kowa na gani kyauta. Gaskiya ne. Amma ku dubi ɗaya hanyar, wadda mu muka bi. Marubuci ya kwana yana rubutu, ɗan kasuwa ya karɓa ya biya abin da ya ga dama, wani ya buga na sata, yanzu kuma mutum ɗaya ya saya a WhatsApp ya watsa wa ɗari kafin gari ya waye. Sunanka ya zaga duniya, aljihunka ba ko sisi. Mai hoto da ke Tehran ta fi mu shiga matsi, ga takunkumin da ke wahalar da shigar kuɗi ta banki, ga hukumar da sai ta ba da izini kafin a baje koli. Idan kwafi goma za su biya mata hayar ɗakin aiki su ba ta damar yin aiki na gaba ba tare da ta roƙi kowa ba, wallahi ban ga abin zargi ba. Lambar nan ta 3/10 alkawari ce tsakanin mutum biyu: ni ba zan ƙara wankewa ba, kai kuma ka biya ni kuɗin da zan rayu.

Sai dai alkawarin yana da ramuka, kuma mai son shiga wannan harka ya buɗe ido kada ya yi cinikin biri a sama. Bayan goman da aka ƙidaya, akwai kwafi ɗaya ko biyu da mai aikin ke riƙewa, ana rubuta musu AP, su ma wata rana sukan shiga kasuwa. Sannan hoto guda ana iya wanke shi ƙarami goma, babba biyar, kowanne da lissafinsa. An ma je kotu a kan haka a Amurka. A 2012 wani mai ɗaukar hoto William Eggleston ya sake wanke tsofaffin hotunansa da girma na musamman, aka sayar da 36 a Christie's kan dala miliyan 5.9, wani mai tara hotunansa Jonathan Sobel ya kai ƙara cewa an rage darajar nasa, amma a 2013 kotu ta kori ƙarar ta ce sababbin wani abu ne dabam. Don haka mai saye ya tambayi adadin kowane girma, ya nemi sa hannu da takardar shaida, ya bi sawun hannayen da hoton ya ratsa, ya kuma san cewa hoto mai launi yana koɗewa idan rana na dukansa. Ya kuma sani cewa idan ya saya a gwanjo, mai yiwuwa wadda ta yi aikin ba za ta ga ko kwabo ba. Faransa ta kafa dokar ba mai fasaha wani kaso idan an sake sayar da aikinsa tun 1920, Ingila ta bi sahu a 2006, amma Amurka ba ta da irin wannan doka ta ƙasa baki ɗaya. Wanda yake son kuɗinsa ya kai hannun mai aikin, gara ya saya daga gidan baje kolin da ke wakiltarta.

Babban ramin dai shi ne na gani. Hoton da aka yi a kan matan Iran, matan Iran nawa ne za su taɓa tsayawa gabansa? Abin mamaki, a Tehran ɗin kanta akwai gidan adana fasahar zamani da aka buɗe a 1977 ƙarƙashin kulawar sarauniya Farah, cike da ayyukan manyan Turawa irin su Picasso da Warhol da Pollock, waɗanda bayan 1979 suka shafe shekaru masu yawa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Kayan Turawa a kulle a Tehran saboda siyasa, kayan matan Iran a kulle a ɗakunan ajiyar Turai saboda riba, mai kallo dai shi ne ya yi asara ta kowane ɓangare. Fim ɗin Neshat na 2009, Women Without Men, wanda ya ba ta kyautar gwarzuwar darakta a Venice, bai samu izinin shiga sinimar Iran ba, kamar yadda littafin Shahrnush Parsipur da aka ɗauko labarin daga cikinsa ya sha haramci har marubuciyar ta shiga kurkuku. Ta faifan sata fim ɗin ya isa hannun mutanen da aka yi shi dominsu. Ka ji inda ɓarawo ya yi abin da attajiri ya kasa.

Shi ya sa nake cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan ka mallaki ɗaya cikin goma, ka zama ɗaya cikin mutum goma da aka damƙa wa wannan magana a duniya. Ka nemi mai jin Farisanci ya karanta maka abin da ke rubuce. Ka ba gidajen baje koli aro idan sun nema, ka bari a buga shi a littafin da ɗalibi zai iya saye. Kada ka tsaya kan sunan da kowa ya sani, ka nemi matasan da ke cikin ƙasar suna ɗaukar hoton abin da ba ya kama da tunanin baƙo. Kuma kada ka mayar da matar da ke ciki hujjar zagin addininta, domin da yawa cikin matan da ke waɗannan hotuna ba addini suke faɗa da shi ba, da masu riƙe da sanda suke.

Mu kuma nan gida, kada mu yi saurin cewa ai duk makircin Turawa ne. A 2007 a Kano an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta da sunan gyaran tarbiyya, kuma marubuta mata irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu sun sha suka tun shekarun 1980 don kawai sun rubuta auren dole da sakin wulaƙanci yadda suke faruwa. Bai kamata wanda ya ɗanɗani wannan ya juya ya yi wa 'yar'uwarsa ta Iran irinsa ba tare da ya tsaya ya karanta ba. Kana da damar ka ƙi hoton bayan ka fahimce shi, ni ma ba duka ne suka kwanta mini ba. Amma a fara fahimtar tukuna, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Allah Ya sa mu faɗi gaskiya a rubutunmu ko da ba ita kasuwa ke so ba, Ya kuma ba mu masu karatu da ke wuce bango su shiga ciki.